Ƙyaure Mai Hawa Biyu

Ƙananan ƙyauren taga guda uku Brenton ya jera a kan teburin cin abinci, kowanne bai fi tsawon hannu ba, sai ka ce daga gidan 'yartsana aka ciro su. Ya ture gwangwanin sukari gefe, ya ture kwandon magunguna, sannan ya ja da baya yana share gumi da bayan hannu.

"To, ga su nan, Baba Des. Ka duba da kyau, wannan auren babu saki."

"Ni na yi zaɓina tun kafin a haife ka," in ji tsohon, idonsa na kan kofin shayi. "Ta tafi ta bar ni da wannan mai ɗaure fuskar."

Da haɓa ya nuna 'yarsa Narelle. Tana tsaye jikin firji, jakarta na rataye a kafaɗa tun shigowarta. Da sassafe ta baro Adelaide, kusan awa uku rana na gasa mata kunci ɗaya, ga shi tun kafin sha ɗaya iskar arewa ta fara turo zafi ta ƙarƙashin ƙofa. Shekara uku ke nan tana bin hanyar Port Pirie, garin mahaifinta, ta zo Asabar ta koma Lahadi, har ta san kowane rami da kowace bishiyar da ta bushe a tsaye. Yau kuwa Laraba ce, hutun kwana ɗaya ta roƙa a wurin aiki.

A cikin jakar akwai wasiƙa. Gidan kula da tsofaffi da ke bayan layinsu a Adelaide ya samu ɗaki, bayan sama da shekara da ta sa sunan mahaifinta a ɓoye, kuma suna son amsa kafin ƙarfe biyar na yammacin Juma'a. Idan ta amsa, cikin sati uku za a ɗauke shi, a sa gidan nan a kasuwa. Ba ta gaya masa ba. Abin da ta gaya masa shi ne labulen tagar gaba ya lalace, gara a sa wa tagogin ƙyaure daga ciki, irin mai siraran katakai a jere da ake karkatawa, wanda kowa ke sawa yanzu.

Labulen kam ya lalace, wannan ba ƙarya ta yi ba. Irin mai igiya ne, wanda ake ja ya naɗe sama. Kullum ƙarfe bakwai Des yakan ja shi, Toula da ke tsallaken titi ta gani daga kujerarta, ita ma ta ja nata. Haka tsofaffin layin suka saba tun suna da yawa: duk wanda takwas ta buga labulensa na ƙasa, sai a ɗauki mabuɗi a je a duba shi. Yanzu su biyu suka rage. Wata safiya a watan Disamba igiyar ta tsinke a hannun Des, ya tafi da baya, ƙugunsa ya bugi gefen tebur. Takwas da minti biyu Toula ta buɗe ƙofa ta same shi a ƙasa. Tun daga nan tsohon zanen gado aka maƙala a tagar, yake yaye gefensa da sandarsa.

Kwana tara ya yi a asibiti, kuma a cikin kwanakin ne Narelle ta zagaya da dillalin gidaje ɗaki-ɗaki. Mutumin ya ƙwanƙwasa bango, ya leƙa rufi, ya ce gida lafiyarsa lau, tagogin ne kawai suka tona shekarunsa. A sa farin ƙyaure, dogo daga sama har ƙasa, mai faffaɗan katako, duk gidan iri ɗaya. Shi ne ke fitowa da kyau a hoto.

"Wannan na farkon," in ji Brenton, ya ɗora yatsa a kan farin, "shi ne dogo. Daga sama har ƙasa falle ɗaya. Babu sanda a tsakiya, da yatsa ake karkata katako ɗaya, sauran su bi. Shi ake yayi. Na biyun rabi ne, ƙasan taga kawai yake rufewa, sama a buɗe, kamar na shagon shan kofi."

"Tagar nan yamma take kallo," in ji Des. "Ka bar mini sama a buɗe a watan Fabrairu, ka dawo da la'asar ka ɗauki gasasshen nama."

"Naman ya yi tauri, Baba. Ko karena ba zai karɓa ba."

"Ji shi. Da ina da ƙafa da ka sha sanda."

"Na uku hawa biyu ne," Brenton ya ci gaba. "Sama daban, ƙasa daban, kowanne da ƙyaurensa. Kana iya wangale na sama ka bar na ƙasa a rufe, don kada masu wucewa su gan ka da gajeren wando kana kallon ƙwallo kana kuka."

"Ni ke kuka? Yaushe rabon ƙungiyarku da ɗaga kofi? Lokacin ai kana da gashi."

Brenton ya shafa sanƙonsa yana dariya. Ajinsu ɗaya da Narelle a firamare, tun yana siririn yaro mai cin alli. Yanzu ya yi tumbi, gwiwoyin wandonsa sun koɗe saboda durƙuso a gindin tagogin mutane.

"Farin za mu ɗauka," in ji Narelle. "Dogon. Duk tagogin, guda bakwai. Na gaya maka a waya."

"Kin gaya mini." Ya zaro biro daga bayan kunne, ya dube shi, ya mayar. "Wa zai riƙa buɗewa da safe?"

"Haba, Brenton."

"Ni ba na rubuta oda sai wanda zai riƙa buɗewa ya buɗe a gabana da hannunsa. Haka mahaifina ya yi aikin nan, haka nake yi. Sau ɗaya na karya, na sa wa wata tsohuwa a Crystal Brook abin da jikarta ta zaɓa a littafi. Wata shida tana zaune cikin duhu, kunya ta hana ta kira ni."

Ya tura farin gaban tsohon.

Des ya ajiye kofi. Hannayen da suka yi shekara arba'in suna riƙe dogon ƙarfe a bakin tukunyar narka darma a masana'antar garin, yanzu ciwon gaɓɓai ya kwantar da yatsunsu gefe guda, kamar ciyawar da iska ta bi ta kai. Ya kai babban yatsa da manuni ya kama gefen katako ɗaya. Ya suɓuce. Ya sake kamawa, ya cije leɓe, katakon ya ɗan motsa ya koma. A karo na uku ƙyauren ne gaba ɗaya ya kife, ya bugi cokali, cokalin ya faɗi ƙasa yana ƙara.

Babu wanda ya sunkuya ya ɗauka. Narelle ta kafa ido a kan kalandar kantin magani da ke jikin bango, wadda har yanzu take nuna Janairu.

Brenton ya janye farin kamar bai ga komai ba, ya turo na ukun. Ruwan ƙasa ne, kalar katakon kansa, da siririyar sanda a tsaye a tsakiya. Des ya dube shi na ɗan lokaci. Sai ya dunƙule hannu, ya sa bayansa ya tura sandar sama, katakan suka buɗe gaba ɗaya, layukan haske suka kwanta a kan ledar tebur. Ya sa gaɓar yatsa ya ja ƙyauren sama, ya wangale shi, ya bar na ƙasa a rufe.

"Wannan ya san girman mutane," in ji shi.

"Bari in auna tukuna," in ji Brenton. "Narelle, zo ki riƙe mini bakin tef."

Suka fara da ɗakin baya, wanda a da nata ne, yanzu kuwa kwalaye ne a ciki da keken ɗinkin mahaifiyarta. Brenton yakan auna kowace taga wuri uku, sama da tsakiya da ƙasa, domin a cewarsa babu tagar da ta rage a miƙe a garin nan. Ya rubuta lambobin, ya koma ya sake aunawa. Sai da suka shiga ɗaki na uku ya yi magana, murya ƙasa-ƙasa, fuskarsa na kallon gilashi.

"Fari, dogo, mai faɗi, duk gida iri ɗaya. Shekara ashirin da shida ina wannan aiki. Mai niyyar zama ɗaki-ɗaki yake zaɓa, yana gardama da matarsa a kan kala. Wanda ya ce mini duk iri ɗaya, ina fita allon dillali ke shigowa."

"Awo aka kira ka yi."

"Awon nake yi. Matsa da tef ɗin hagu kaɗan." Ya rubuta. "Ban ce kin yi laifi ba. Ni ma bara na kai tawa tsohuwar gidan tsofaffi. Tana cin abinci sau uku, ana yi mata wanka, ta yi ƙiba ma. Sai dai duk zuwan da na yi sai ta tambaye ni ko na zo da mota."

Narelle ta saki bakin tef ɗin, ya ruga ya shige gidansa da ƙara.

"Abin da nake so ki sani," in ji shi, "farin yana nan a ajiye, sati biyu na ɗaura miki duk bakwai. Mai hawa biyu, da kalar katako da sanda, sai an yi shi musamman. Sati goma, in kaya ba su makara a hanya ba."

Sati goma. Ta lissafa a zuci ba tare da ta so ba: ƙarshen Afrilu. Lokacin da wani tsohon ya riga ya saba da ɗakin can, ya san wace nas ce mai sauƙin kai.

"Kai ɗan Pedler!" Muryar Des ce daga kicin, da sunan mahaifin Brenton yake kiransa. "In kun gama gulmar, zo ka ɗaga mini abin nan a taga. Ban sani ba ko makauniyar can za ta gani."

Haka aka yi Narelle ta tsallaka titi zuwa gidan Toula da tsakar rana. Kwalta ta yi laushi, tana kama ƙasan takalmi. Can ƙarshen layi dogon bututun masana'anta na rawa a cikin zafi. Kafin ta kai hannu ga ƙofa an riga an buɗe.

"Shigo, shigo, kada ki shigo mini da ƙudaje. Kin rame. Ba sa ba ki abinci a birnin?"

"Sannu, Inna Toula."

Toula gajeruwa ce, shekararta tamanin da biyu, kuma tun rasuwar mijinta ba ta sake sa wata kala ba sai baƙi. Gidan na ƙamshin kofi da kirfa. Kafin Narelle ta gama bayanin abin da ya kawo ta, an danƙa mata biskit mai riɗi a hannu, an ja ta zuwa tagar falo, inda kujera ɗaya take fuskantar titi, hannayenta sun yi santsi saboda dafawa.

Daga nan gidan mahaifinta ya yi mata ƙanƙanta. Ba ta taɓa ganinsa daga wannan gefen ba. Kwanon rufi ya yi tsatsa a bakin indararo, bishiyar lemo ta leƙo ta saman katanga. Brenton ya cire zanen gadon, ya tsayar da farin ƙyauren a kan dandamalin taga.

Toula ta zauna, ta gyara tabarau, ta miƙa wuya.

"Me kike gani, Inna?"

"Fari."

Narelle ta ɗaga hannu, Brenton ya karkata katakan suka buɗe.

"Yanzu fa?"

"Fari. Ya taɓa wani abu ne?"

"Ya buɗe shi."

"To ni ban ga buɗewa ba. Farin abu a farar rana, a jikin farin bango. Wa ya ce masa ni yarinya ce?"

Aka sauke farin, aka ɗora mai ruwan ƙasa.

"Yauwa, ga wani abu mai duhu." Toula ta ƙara matsowa har numfashinta ya taɓa gilashi. Can tsallake Brenton ya wangale ƙyauren sama. "Ya buɗe! Ga ƙyallin sanƙon nan ta bayansa. Kai, yaron nan ya tsufa, har ya fi ubansa muni."

Ta koma ta jingina, tana haki kaɗan, kamar wadda ta hau tudu.

"To an gane. Amma me ya sa kuke wahalar da ɗan mutane a zafin nan? Ai farin za ki saya."

Narelle ta daina tauna.

"Idona ya mutu, 'yar nan, ban musa ba. Amma namiji da baƙar kwat a tsakiyar Disamba, yana auna tsakar gidan mutum da taku, ko gawa ta gan shi. Ran nan da yamma na hau bas na je asibiti na gaya wa ubanki."

"Tun Disamba ya sani?"

"Tun Disamba."

"Bai ce mini komai ba."

"Ke kin ce masa? Ku mutanen gidan can haka kuke, kowa da kwaɗo a baki. Uwarki ce kaɗai mai magana, Allah ya ji ƙanta, ita kuma ba ta san inda ake tsayawa ba."

Narelle ta nemi wurin zama, babu wata kujera kusa, sai ta dafa bango.

"Me ya ce?"

"Ya ce in rufe bakina, yarinya ta gaji. Wai wata Asabar ya leƙo ya gan ki kin kifa kai a kan sitiyari a ƙofar gida, kina barci, injin na aiki. Minti ashirin yana tsaye a bayan labule, ya rasa ko ya tashe ki ko ya bar ki."

Ta tuna ranar. A watan Oktoba ne, bayan sati guda na kwana a tsaye a wurin aiki. Ta farka da shatin sitiyari a goshi, ta goge fuska, ta shiga da ledojin cefane tana cewa cunkoso ne ya tsare ta. Ya ce mata e, hanyar nan ta lalace.

"Ki ɗauke shi," in ji Toula. "Kada ki zaci roƙonki zan yi. Ni ba zan iya sake zama a ƙasa kusa da shi muna jiran motar asibiti ba, yana zagina wai na fito titi da rigar barci. Gwiwoyina sun ce sun gama."

"Ke fa? Wa zai riƙa duba labulenki?"

Toula ta kakkaɓe riɗi daga cinyarta, ƙwaya ɗaya-ɗaya.

"Ɗana yana kira daga Darwin duk Lahadi. Daga Lahadi zuwa Lahadi ai ba nisa. Mai kawo wasiƙa ma yana da hankali, in ya ga akwati ya cika zai ƙwanƙwasa." Ta miƙa hannu ta jawo faranti. "Ungo, kai wa sanƙon. Kada ki ba ubanki, sukarinsa ya hau, ƙarya yake yi miki."

Da ta dawo ta tarar Des ya koma falo, yana zaune gefen tagar da babu komai a jikinta. Rana ba ta juyo ba tukuna, amma ɗakin ya yi haske irin wanda ke nuna kowace ƙura. Brenton na tsaye da littafin oda a hannu.

"Ta gani?" in ji Des.

"Ta ga mai duhun."

"Farin fa?"

"Ba ta gan shi ba."

Ya gyaɗa kai a hankali, kamar an gaya masa sakamakon wasan da ya riga ya sani.

"Rubuta farin, ɗan Pedler. Dogo, duk bakwai."

Brenton ya dubi Narelle.

"Baba, ba ka iya buɗe shi," in ji ta.

"Wanda zai sayi gidan yana da yatsu." Ya faɗe shi kamar mai neman a miƙo masa gishiri. "Matasa ne za su saya, masu yara ƙanana, irin masu son komai fari kamar asibiti. Rubuta."

"Ni dai, Baba, ƙa'idata..."

"Ƙa'idarka ta ce mai buɗewa ya gwada. Mai buɗewa bai iso ba tukuna. Rubuta, kafin in je maƙabarta in kai ƙararka wurin ubanka."

Sai a lokacin Narelle ta sauke jakar daga kafaɗarta. Ta ji wurin da igiyar ta kwanta yana zafi. Duk tsawon hanya, tun daga fitowarta gari har ta hango bututun, amsoshi take shiryawa. Idan ya yi ihu za ta ce kaza. Idan ya ce a nan uwarta ta mutu za ta ce kaza. Idan ya kira ta marar imani, ta tanadi kwanakin asibiti tara, ta tanadi sunan likita. Ta zo da kayan faɗa cike da baki, ga shi ya bar ta da su, ba ta da inda za ta sauke.

"Ɗakin can yana kallon lambu," in ji ta. "Akwai nas dare da rana. Minti biyar ne daga gidana, kullum zan riƙa zuwa."

"Madalla."

"Suna da talabijin babba, ana nuna ƙwallo."

"Na ce madalla."

"Ba madalla nake nema ba, Baba."

"To me kike nema?"

Brenton ya sami wani abu mai muhimmanci a jikin tef ɗinsa ya shiga dubawa.

"Kana son tafiya?" in ji ta.

"Shekarata tamanin da bakwai, Nari. Abin da nake so ya daina zama abin tambaya." Ya juya sandarsa a tsakanin gwiwoyi. "Ke kuma hamsin da takwas. Ina ganin yadda kike fitowa daga mota. Da ƙafa ɗaya kike farawa, ki huta, kamar ni."

Ta dubi tagar. Fentin jikin katakonta ya ɓare, ga ramukan ƙusoshin labulen da aka cire, ga wata tsohuwar alamar biro inda aka taɓa auna tsawonta tana 'yar shekara shida. Ta cikin gilashin, can tsallake, wani dunƙulen baƙi na zaune a kujera bai motsa ba.

"Brenton," in ji ta. "Taga ɗaya. Wannan. Mai hawa biyu, ruwan ƙasa, da sandar."

"Sauran shidan fa?"

"Su zauna da labulensu."

"Sati goma ne fa, Narelle."

"Na ji ka tun farko."

"Kada ka rubuta," in ji Des, ya buga sanda a ƙasa. "Gidana ne."

"Tunda gidanka ne, sai ka zauna a ciki ka buɗe tagarka."

"Ke, ni kike gaya wa haka?"

"Kai nake gaya wa."

Brenton ya zaro biron daga bayan kunne, wannan karon ya cire murfinsa.

"Ka yi haƙuri, Baba Des. Hannunka ya riga ya zaɓa a gabana. Ni hannu nake bi, bakin mutane ya sha sa ni asara."

Ya rubuta, ya yage takarda ya ba Narelle. Ya hau kujera ya mayar da zanen gadon a tagar, ya bar gefe ɗaya sako-sako yadda sanda za ta iya yaye shi. Ya kwashe ƙananan ƙyamarensa, ya cusa biskit biyu a baki ɗaya a aljihu, ya ce wa tsohon sai sun haɗu ranar da ƙungiyarsu za ta sha kashi.

A barandar baya ta yi wa gidan tsofaffin waya, a tsaye, inda inuwar lemon ta tsaya. Matar da ta ɗauka mai ladabi ce, muryarta a sanyaye kamar daga cikin ɗaki mai na'urar sanyi. Ta ce ta fahimta. Ta ce sai dai sunan zai koma ƙarshen layi, kuma ba ta iya cewa ga lokacin da wani ɗakin zai samu, wataƙila shekara, wataƙila fiye.

"Kin tabbata? Kina da har Juma'a ki yi tunani."

"In na kai Juma'a zan canza," in ji Narelle. "Ki ba wani."

Ta kashe wayar ta tsaya tana jiran ta ji sauƙi. Ba ta ji ba. Abin da ya zo mata shi ne cewa yau da yamma za ta koma, gobe da jibi aiki, Asabar kuma kwana uku ne kacal, kuma tayar baya ta hagu tana sacewa. Wasu 'ya'yan lemo sun faɗo sun bushe a ƙasa, ta ce a ranta sai ta share su, ba ta motsa ba.

Da ta koma falo ɗakin ya yi duhu-duhu, rana ta juyo ta fara dukan zanen gadon.

"Kin yi wauta," in ji Des.

"Na sani."

"Sanyi na zuwa. Hanyar nan da hazo, da manyan motoci, ga dabbobi na tsallakawa da asuba."

"Na sani, Baba."

"In na sake faɗuwa fa?"

"Sai Inna Toula ta zo da rigar barci."

Ya yi wani sauti ta hanci, ba ta iya cewa dariya ce ko tsaki ba. Firji ya tashi a kicin, ya yi gurnaninsa, ya kwanta.

"To zo ki tashe ni," in ji shi. "Shayin nan ya sauka, zan zagaya."

Sai yanzu ta lura a tsohuwar kujerar nan mai zurfi ya zauna, wadda likita ya hana shi. Ta tsaya a gabansa, ta ware ƙafafu, ta zura hannaye ta ƙarƙashin hammatarsa yadda nas ta nuna mata. Yana warin sabulu da man zafi.

"Ɗaya, biyu, uku."

Ya taso kamar taƙi ɗaya, ya tsaya a iska yana rawa, sannan ya koma, ya ja ta har goshinta ya taɓa kafaɗarsa. Suka tsaya a haka, kowa na haki.

"Ba ki shirya ba," in ji shi.

"Kai ne ba ka shirya ba."

"To sake ƙirgawa."

Ta gyara tsayuwa, ta ja numfashi.

"Ɗaya," in ji ta.